Gwangwanin Tumatir

Dare uku ke nan fitilar Inna tana raina ni.
Ni na haɗa ta da hannuna,
kan teburin nan mai ƙafa ɗaya bisa bulo:
duhu ya sauka, ta kama da kanta,
gari ya waye, ta mutu.
A kan tebur ladabi gare ta, kamar ɗan aji ɗaya gaban mushe.
An rataye ta ƙofar ɗakin Inna,
iska ta taɓa ƙyaure, sai ta ɗauke.

Na fara da kondansato, don na ga kansa ya ɗan tasa.
Dala goma wajen Alkasum, a babbar kasuwa.
Ba ta sake zane ba.
Na koma kan taranzisto,
na ce mai ƙafa uku ba ya rasa guda ta ƙarya,
na tumɓuke shi.
Rezistans biyu, ja da ja da ruwan ƙasa, suka bi bayansa.
Duk na zuba su cikin gwangwanin tumatir,
gidan kason waɗanda ba a yi wa shari'a ba.

Allurar ma'auni kuwa sai rantsuwa take:
goma sha biyu nan, biyar can, kowa na bakin aikinsa.
Ƙarfe ɗaya na dare Zalika ta leƙo.
“Malam, tocila fa dala ɗari ce a bakin tasha.”
Ban tanka ba.
Hayaƙin dalma ne ya shige min ido, shi ke nan.

Lahadi da asuba na bar mata teburin, na jawo keke,
ba don akwai inda za ni ba.
Na ratsa Bilbis masu ƙosai ba su hura wuta ba,
na hau gudrun, Tawa ta rage a bayana.
Keke shiru, sarƙa kaɗai ke jan carbinta.
Da na sauka jar hanya mai tsakuwa
sai wani abu ya soma daga baya: kar, kar, karkar.
Na tsaya, ya tsaya.
Na duba taya, na duba birki, kowa zaune lafiya.
Na hau, ya dawo.
Sau uku muna haka,
wani yaro kan amalanken albasa yana kallona, jakinsa ma haka.
Ya ce, “Baba, ɗaga shi ka saki.”
Na ɗaga, na saki.
Notin kariya ya amsa sunansa.

Na daɗe tsaye cikin karan gero, noti tsakanin yatsu.
Ashe sakakken abu ba ya magana in yana zaune.

Ban san yadda na taka na dawo ba.
Shayi na kan gawayi, na wuce shi.
Na rufe taga, na ɗauki bik,
na bi allon da ƙwanƙwasa gida gida, kamar mai neman ɓatacciyar akuya.
Nan shiru. Nan shiru.
Gindin ɗan idon da ke gane duhu,
fitila ta ƙifta.
Na sake. Ta ƙifta.

Tabarau biyu na sa, ɗaya bisa ɗaya, kafin na gan ta:
tsaga, ba ta kai silin gashi ba,
ta zagaye ƙafar kamar zobe.
Na gane ɗigon nan.
Nawa ne, na ranar da nake gaggawar zuwa sunan ɗan Ilyasu,
ƙarfe bai gama zafi ba na ce ya isa.

Ɗigo ɗaya. Ya kwanta, yana sheƙi.

Da magariba ta kama. Na buga ƙyauren da gangan, har sau biyu.
Inna ta fito, ta ga takalmanta, ta ga butarta,
ta ce, “Wa ke son karya min ƙofa?”

Bayan isha na juye gwangwanin kan tebur,
na auna su ɗaya bayan ɗaya.
Lafiyarsu lau,
har mai tasasshen kan.